Babi na 6: Inda Ƙarfe Ya Haɗu da Ƙasa

Kagon da kakanninmu suka kwana a ciki ba shi da taga, kuma bai rasa komai ba. Jinkar ciyawa tana shan iska da kanta, hayaƙi ya fita ta sama, sanyin asuba ya shigo ta ƙarƙashin baki. Soron masu hali ma, in an yi masa taga, ƴar huda ce can sama kusa da azara, wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. Kwano ne ya kawo taga ƙauyukanmu. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafin ƙasar Maraɗi ke wuce digiri 40, ya san ɗakin ba ya zaunuwa sai an huda bango. Da aka huda bango kuwa, sai gida ya sami wata sabuwar hidima, da sababbin baƙin da za su riƙa shiga da fita saboda ita.

A karkarar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, ginin ƙasa ne har yanzu ya fi yawa, amma tagar da ake sa masa ta ƙarfe ce: firam na ƙarfe, ƙyaure na falle mai tsage-tsage don iska ta ratsa, sanduna a tsakiya saboda ɓarawo. Ta katako ta ja baya, don gara ba ta barinta, icen kirki kuma ya yi tsada. Haka abin yake har gabas, a ƙauyukan Agye da Gazawa. Ana ƙera tagar a shagon mai walda, a Gidan Rumji ko Tsibiri ko cikin birnin Maraɗi, a ɗauro ta a bayan babur ko a amalanke, magini kuma ya dasa ta a bangon da aka yi da ƙasar fadama. Mutum biyu ke nan da ba su taɓa ganin juna ba, kowa da kayan aikinsa, kowa da awonsa. Taga ba kasafai take lalacewa a tsakiya ba. A gefe take lalacewa, daidai inda aikin wancan ya ƙare, na wannan ya fara, kuma rigimar da ake yi a kanta ma a nan take tsirowa.

Kafin a zo ga wannan, akwai maganar bangon da za a huda. Hadarin damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da guguwa a gaba, ruwa a baya, yana dukan bango a karkace. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake kwaso ƙura tun daga watan Nuwamba har Fabrairu. Bangon gabas shi ne mai shan wuya, shi ya sa ake ninka masa yaɓe, wasu ma su jingina masa zana. Wanda ya sa babbar taga a nan ya ɗauko wa kansa aikin kowace shekara. Yamma kuma rana ce ke gasa ta daga azahar zuwa la'asar sakaliya, ƙarfe ya ɗauki zafi ya riƙe har bayan isha'i. Kudu da arewa sun fi sauƙi, musamman kudu, don iskar bazara mai ɗan laima daga kudu maso yamma take busowa. Tsofaffin magina sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. Matsalar ita ce yanzu ba su ke zaɓa ba. Maigida ne ya ga wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ya dawo yana so a yi masa irinsa, ko ina tagar ta fuskanta.

Ƙarfe da ƙasa ba su jituwa. Ƙarfe yana miƙewa da rana, ya tsuke da dare. Ƙasa tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Don a sasanta su sai magini ya kawo siminti ya zagaye firam da shi, alhali siminti ma ba ya kama ginin ƙasa da kyau. Shekara ɗaya ko biyu sai ka ga wani siririn layi ya bayyana tsakanin simintin da yaɓen, kamar an ja shi da tsinke. Ruwan gabas ya shiga ta nan, ya gangara bayan simintin inda ido ba ya gani, ya jiƙa tubalin da ke ƙarƙashin tagar. Daga waje komai lafiya lau. In ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ne za ka ji wurin yana amsawa fanko. Wata rana a watan Agusta sai falon simintin ya ɓallo gaba ɗaya, tagar ta sunkuya, sakata ta ƙi shiga raminta.

A damina mai ƙarfi abin ba ya tsayawa nan. A 2024 ruwan da aka yi ya rusa dubban gidaje a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Ba taga ce ta kayar da waɗannan gine-gine ba, tushe da rufi ne kan gaba. Amma wanda ya duba bangon da ya tsage bai faɗi ba, sau da yawa zai tarar tsagar daga kusurwar taga ta tashi ta nufi sama, don nan ne bango ya fi rauni, balle in ba a sa linta mai tsawon da zai hau bango ta kowane gefe ba.

To, in an kira magini ya ga ɓarnar, amsarsa a shirye take: tagar ce ba ta da ƙafafu masu tsawo da za su kama bango. In an je wa mai walda, shi ma tasa a shirye: shi ƙarfe ya sayar, bai sayar da gini ba. Kuma abin haushin, kowannensu yana da gaskiya.

Yawancin wannan daga awo yake farawa. Ga yadda aka saba yi. Magini ya kai gini inda taga za ta zauna, ya bar rami, ya ci gaba. Bayan wata biyu, an sayar da wake ko gyaɗa, kuɗi sun samu. Maigida ya ɗauko karan dawa ya gwada faɗin ramin ya karya, ya ɗauko wani ya gwada tsawon ya karya, ya ɗaure su biyun da tsumma, ya hau babur ranar Litinin ko Juma'a, kasuwar Maraɗi. A hanya bakin karan ya ɗan gutsure. Mai walda ya ɗora ma'auninsa a kai, ya ga santimita 78, ya ce a ransa ai 80 ake nufi, don a kan 80 ya saba yankan ƙarfe. Taga ta iso gida ta ƙi shiga. Magini ya ɗauko gatari ya sassare gefen ramin, ya girgiza tubalin da ya riga ya zauna. Ko kuma ta zo da ƙaranci, a cike giɓin da ɓaraguzai da laka. Duka biyun tsaga aka shuka.

Maganin ba shi da tsada. A sayi tagar tun kafin gini ya kai wurinta, magini ya tsayar da ita da ma'aunin ruwa ya gina a jikinta, ƙafafunta su nutse cikin tubali ɗanye. In kuɗi ba su kai ba, to magini da kansa ya yi awon da ma'auni, ya faɗa wa mai walda baki da baki ta waya, faɗi da tsawo da kaurin bango. Kiran minti biyu ne, amma daga ranar awon ya zama nasa, ba zai ƙara cewa ba ruwansa ba. Tun ran gini tun ran zane.

A shagon mai walda kuma akwai abin da ya kamata ido ya nema. Tagogin da aka jera a bakin hanya sun sha fenti shuɗi ko kore suna walƙiya, kuma fenti mai rufa asiri ne. A ƙarƙashinsa za a iya samun fallen tsohuwar ganga da aka buge, ko siriri irin wanda babban yatsa ke lotsawa. Ɗaga tagar ka ji nauyinta. Duba kusurwoyin firam: walda ta bi layin gaba ɗaya ne, ko ɗigo-ɗigo aka yi aka shafe sauran da ƙwaɓi? Buɗe ƙyauren ka sake shi ka ga ko yana tsayawa. Ni a ganina gara a karɓi taga da jan fentin nan na hana tsatsa kaɗai, a ga aikin tsirara, a shafa mata launi a gida. Mai walda na kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ɓata fuska kuwa ya riga ya gaya maka abin da kake son sani.

Sai jinga, wadda ita ce uwar magana. Mutanenmu suna da kunya a wurin da bai kamata ba. Magini ɗan gari ne, watakila ƙanwar matarka yake aure, ko tare kuka yi karatun allo. Sai a yi ta zagaye-zagaye.

"Kawu, nawa za a ba ka?"

"Haba ɗana, tsakanina da kai har sai an yi ciniki? In an gama ka ba ni abin da ya sauwaƙa."

Wannan "abin da ya sauwaƙa" ya raba zumunci da yawa. Kawu yana da adadi a zuciyarsa, ɗan ma yana da nasa, kuma ba su taɓa zama ɗaya ba. Ran biya kawu ya karɓa ya juya kuɗin a hannu ya ce Allah ya yi albarka, daga nan in tagar ta motsa a aika masa yaro sau uku, a ce ya tafi gona. Faɗin kuɗi a fili ba raini ba ne. Ana iya yinsa cikin ladabi: "Kawu, girmanka ne, amma ka yanka mini don in san abin da zan tanada." A gaban mutum ɗaya ko biyu a zaure, a faɗi jaka nawa, a faɗi ko da leburan da zai kwaɓa ƙasa ko ban da shi, wa zai kawo ruwa, wa zai sayi siminti, abincin rana a kan wa yake. Ruwa ba ƙaramar magana ba ce a ƙauyen da ake sayen jarka daga mai amalanke.

Akwai jinga, akwai kuɗin yini, kuma kowanne da halinsa. Mai jinga sauri yake yi don ya wuce wani aikin. Shi ne zai cire madogarar linta tun siminti bai yi ƙwari ba. Mai kuɗin yini kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Ga ƙaramin aiki irin dasa taga biyu ko uku, jinga ta fi, da sharaɗin a riƙe wani abu a hannu har sai ruwan farko ya daki bangon an gani. Magina ba su son wannan sharaɗin, kuma ban ga laifinsu ba, don sun sha ganin ragowar kuɗi ta bi ruwa. Shi ya sa wasu ke ajiye ragowar a hannun wanda duka biyun suka yarda da shi, liman ko wani dattijon unguwa.

Ya kamata a ji ta bakin mai walda shi ma, don mun cika yi masa kallon maƙaryaci. Gaskiya ne "gobe in sha Allahu" ɗinsa kan kai mako uku. Amma dubi inda yake tsaye. Ƙarfen da yake yanka daga nesa yake zuwa, wani ta Kano da Katsina ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, wani daga bakin teku. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can, har zuwa farkon 2024. A shekarar 2023 ɗin dai Najeriya ta cire tallafin man fetur, man bakin hanya da janareto ke sha ya tashi. Mutumin da ya yi maka kuɗin taga yau, in ka ba shi kafin alƙalamin da bai isa sayen ƙarfe ba, ka tafi ka yi wata guda, to da kuɗin wani zai sayi naka, kamar yadda ya sayi na wani da naka. Haka shagon ke juyawa, kowa yana jiran kuɗin na bayansa. In kana so ka fita daga wannan layin, ka biya kuɗin ƙarfe cif, a je a saya a gabanka ko gaban yaronka a ranar, ladan hannu kuma ya jira ranar ɗauka. Siminti shi ne ya ɗan yi sauƙi, sa'ad da gwamnatin Nijar ta rage farashinsa a watan Oktoba 2024 bayan ambaliya, ga kuma masana'antar Malbaza ba nisa can.

Lokaci ma yana cikin jinga ko ba a ambace shi ba. Magini manomi ne. Ran da ruwan shuka ya sauka, ko rabin taga ya dasa zai ajiye cokalin gini ya ɗauki sungumi, kuma babu mai ganin baƙinsa. Bayan girbi kuma samari sun tafi ci-rani. Aikin taga na tsakanin Fabrairu da farkon Mayu ne. Wanda ya bari sai ya ga hadari a gabas, zai biya da tsada a yi masa a gurguje.

Gyaran shekara-shekara ba ya bukatar ɗan jinga, aikin gida ne na yini guda. Bayan hunturu a goge ƙurar da ta taru a tsage-tsagen ƙyaure da kwanar firam ta ƙasa, don ƙurar nan ita ke riƙe laima ta haifi tsatsa in damina ta zo. Inda tsatsa ta fara a kankare har ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti. A ɗiga wa hinji da sakata ɗan baƙin mai, kaɗan, a goge ragowar, don in ya yi yawa yashi yake tarawa ya riƙa cin ƙarfen. Siririyar tsagar nan ta gefe a toshe ta tun tana siririya. Dandamalin ƙasan taga kuma ya kasance da gangara zuwa waje, ya ɗan zarce bango, ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin yaɓe.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ragar sauro, alhali ita ce ta fi komai amfani a jikin tagar. Zazzaɓin cizon sauro a yankinmu na damina ne, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida kowane wata suna ba yara ƙanana maganin rigakafi, shirin da aka fara a Nijar a 2013. A ƙasar Gambiya, a yankin Farafenni, an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2009: gidajen da aka sa wa raga a taga da ƙofa aka kuma toshe giɓin da ke tsakanin bango da rufi, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da fiye da rabi, ƙarancin jini a yaran gidajen kuma ya ragu da kusan rabi. A lura da maganar giɓin. Raga a taga ba ta da amfani in tsakanin kwano da kan bango hannu na shiga. Kuma kada a bari mai walda ya like ragar a jikin firam da walda, don in ta yage, kuma za ta yage, yara da kaji na nan, sai an kira shi da injinsa. A sa ta a wani siririn firam dabam mai ɗaurin noti, wanda kowa zai iya kwancewa ya canza. Ba ta maye gurbin gidan sauro ba, ƙari ce a kansa.

Saura maganar shigar baƙo cikin gida. Zaure shi ne iyakar namiji baƙo, amma taga a ɗakin uwargida take. An saba a yi sallama, a ba mata lokaci su kintsa ko su koma wani sashe, yaro ko tsoho na gidan ya zauna da masu aiki har su tashi. Yanzu da magidanta da yawa ke Legas ko Agadas ko Libiya, kuɗin aiki ta Nita ko Al Izza suke zuwa, umarni kuma ta saƙon murya a WhatsApp. Uwargida ce ke ganin aikin da idonta, amma ba ita ta yi jingar ba, magini kuma ya san haka. In ta aiko yaro ya ce tagar ta karkace, sai ya ce, "Gaya wa Hajiya da maigida muka yi magana." Wanda zai yi tafiya ya bar aiki, ya faɗa a gaban magini wa ya wakilta, ko ƙanensa ko ita matar da kanta, kuma maganar wakilin ita ce tasa.

Wani abu kuma ya ƙaru a ƴan shekarun nan. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, satar shanu da ta mutane kuma ta taɓa ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Rumji. Mutane sun ƙara kaurin sandunan taga, wasu sun toshe ta waje gaba ɗaya sun bar ta tsakar gida. An kuma fara ɗari-ɗari da lebura baƙo, wai kada ya ga inda ɗakin maigida yake. Tsoron yana da dalili, amma yawancin baƙin nan mutane ne da aka raba da gonakinsu, ƙwadago kaɗai ya rage musu. Hanyar da gari ya saba da ita tun da ta wadatar: baƙo yana da mai masauki, mai masaukin shi ke tsaya masa, magini kuma shi ke da alhakin duk wanda ya shigo da shi. Sandunan da kansu suna da haɗarinsu, don ɗakin da ke da ƙofa ɗaya da taga mai sanduna, in gobara ta tashi a bakin ƙofa babu mafita.

In duk da haka aka kai ga rigima, fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure bai bar wurin fanko ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su inda mai su ba ya gani. Wato in ka kai wa mai walda tsohuwar taga gyara ta ɓace a shagonsa, ko ka saya masa ƙarfe ya salwanta, shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Wanda kuwa ya yi aiki a cikin gidanka, ko a gabanka, hukuncinsa ya fi sauƙi, ba ya biya sai an tabbatar ya yi ganganci ko ya saɓa abin da aka umarce shi. Magini ke nan. Saboda haka a gaban mai gari ko liman tambayar farko ita ce me aka ce masa ya yi, kuma wa ya ji. In babu mai amsa wannan, sulhu ake yi, kuma sulhun kusan kullum iri ɗaya ne: maigida ya sake sayen siminti da yashi, magini ya sake aikin ba lada, mai walda kuma yana Maraɗi, babu wanda zai biya kuɗin babur don a kira shi.